Rijiyar da ba a ɗibar ruwanta

Akwai wata ƙara da kunnena ya saba da ita wadda nasan ba kowa ya taɓa jinta ba. In ka durƙusa ka kara kunnenka a jikin murfin rijiyar zaka ji wani gurgur gurgur daga can ƙasa kamar abu na tafasa a wani ɗaki mai nisa, alhali babu wuta babu komai, iska ce kawai ake turawa cikin ruwa. Ranar da na fara jinta na daɗe a durƙushe har sai da ogana ya taɓa kafaɗata yace tashi mana, ai yanzu ka fara jinta, nan da shekara biyu ma tana nan tana yi. Kuma haka akayi.

Wajen wata tsohuwar masana'anta ce da aka rufe, inda a da suke wanke ƙarafa da wani sinadari don cire maiƙo kafin a yi musu fenti. Ginin ma an rushe shi, ciyawa ta rufe filin, in kazo wucewa ba abinda zai nuna maka akwai matsala. Aikinmu shine wanke ruwan ƙarƙashin ƙasar wajen daga gubar da ta shige shi. Ruwan da muke ɗebowa daga rijiyoyin sa ido, wato siraran rijiyoyin da ake ɗibar samfur don gwaji, garau yake, ba launi ba wari, in aka zuba maka a kofi wallahi sha zakayi. Muna zuba shi a wasu 'yan kwalabe masu cin mililita 40, a cika su taf har ruwan ya yi tozo a baki, a rufe, a juya kwalbar a ƙwanƙwasa da yatsa a duba ko akwai kumfar iska ko da ƙwaya ɗaya ce, in akwai a zubar a sake, domin abinda muke nema ɗin guduwa yake yi cikin iska da zarar ya samu hanya. Sai a jera su cikin ƙanƙara a kai ɗakin gwaji. Sakamakon in ya dawo ne jikinka ke yin sanyi.

Mutane da yawa in akace ruwan ƙarƙashin ƙasa suna ɗauka wani kogi ne ko tafki yake kwance a can ƙasa. A mafi yawan wurare ba haka abin yake ba. Ruwan yana cikin 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa ne, ko cikin tsagar duwatsu, kuma tafiyarsa tafiyar hawainiya ce, wani wajen a yini guda bai fi ya yi mita ɗaya ba, wani wajen ma a shekara ne zai yi 'yan mitoci. Tun 1856 wani injiniyan Faransa Henry Darcy ya fitar da lissafin yadda ruwa ke ratsa yashi a garin Dijon, kuma har yau da lissafinsa muke aiki. To ka ga abinda ke tafiya a hankali haka, in ya ɓaci ma a hankali zai gyaru, babu rana da zata haska shi, babu iska da zata kaɗa shi, babu ambaliyar da zata zo ta wanke.

Sinadarin da ya ɓata mana wannan wajen shine wanda ake kira TCE, ɗan uwansa kuma PCE wanda masu wankin kaya ba da ruwa ba suka daɗe suna amfani da shi. Mugun halinsu shine sun fi ruwa nauyi. Fetur da dizal in suka zube tasowa suke yi su kwanta a saman ruwan, ko ba komai kasan inda zaka neme su. Shi TCE lita ɗaya tana kai kilo 1.46, don haka nutsewa yake yi, ya ratsa ruwan ya yi ƙasa, yana barin ɗigo ɗigo a tsakanin yashi har sai ya tarar da yumɓu ko dutse ya kwanta a kai. Daga nan sai ya zauna yana narkewa kaɗan kaɗan, ruwan da ke wucewa yana ɗauka yana tafiya da shi, sai ya zama wata doguwar jela a ƙarƙashin ƙasa wadda zata iya wuce kilomita. A Amurka iyakar da aka yarda da ita a ruwan sha mikrogiram 5 ce a kowace lita. Ku ɗauki kalkuleta ku buga da kanku, lita ɗaya tak ta TCE ta isa ta kai ruwa wajen lita miliyan 290 wannan iyakar. Lita ɗaya fa. Kuma masana'antun nan a duro duro suke saye.

Da can abinda kowa ya sani shine a zuƙo a tace. A haƙa rijiyoyi, a sa famfo, a jawo ruwan sama, a bi da shi ta cikin injinan tacewa, sannan a zubar a magudana ko a mayar ƙasa ta wani wajen. Bayan abin da ya faru a unguwar Love Canal ta jihar New York a ƙarshen shekarun 1970, inda aka kwashe iyalai daga gidajen da aka gina a gefen ramin da aka binne sharar sinadarai, Amurka ta kafa dokar Superfund ta tsaftace wuraren da sinadarai suka gurɓata a 1980, kuma wannan hanyar ta zuƙowa ita aka runguma kusan ko'ina. An ɗauka shekara kaɗan za a gama. A 1994 majalisar binciken kimiyya ta ƙasar ta duba wurare 77 da ake wannan aikin, 8 ne kawai suka kai matakin tsaftar da aka sa a gaba. Dalilin ba boyayye bane ga duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗauraye soso mai sabulu, ka matse ka matse ka ga kamar ya fita, ka ajiye ka dawo ka sake matsawa kumfa ta sake fitowa. Farkon zuƙowa gubar takan sauka da sauri kowa ya yi murna, daga nan sai ta tsaya cak a wani mataki ta ƙi sauka, kana ta ƙona wuta kana jawo ruwa miliyoyin lita don ka cire abinda bai cika cokali ba. Ga kuma matsalar ina zaka kai ruwan da ka jawo, ga rijiyoyin maƙwabta da ke iya ja baya saboda kai kana ta zuƙa.

Ni ban raina wannan hanyar ba fa, har gobe tana da amfani, musamman in so kake ka tare jelar kada ta isa inda mutane ke shan ruwa. Amma tarewa daban, wankewa daban.

Daga nan ne tunanin ya zo cewa me zai hana a bar ruwan inda yake a kai masa maganin can. Kuma hanyar da kake da ita ta isa can ƙasa ai rijiya ce. Irin wadda nake magana a farko, mai gurgur ɗin nan, ita na fi sani kuma ita na fi so, bari in tsaya a kanta sosai.

Rijiya ce guda ɗaya amma tana da raga biyu, wato wajen da aka tsattsaga jikin bututun don ruwa ya shiga ko ya fita. Ɗaya tana can ƙasa kusa da gindin yashin da ke ɗauke da ruwan, ɗaya tana sama daidai fuskar ruwan. A tsakaninsu akwai toshi na roba da ya raba rijiyar gida biyu, sai bututu na ciki da ya ratsa ta tsakiyarsa. Ana tura iska ta wani siririn bututu zuwa ƙasa, iskar ta fito a matsayin kumfa, to ruwan da ya gauraya da kumfa ya fi wanda ke kewaye da shi rashin nauyi, sai ya taso sama da kansa, ba sai an sa famfo a cikin ruwa ba. Yana tasowa sabon ruwa na shigowa ta ragar ƙasa. A cikin wannan tasowar ne aikin ke faruwa, domin su TCE da benzin da ire-irensu sun fi son zama cikin iska a kan zama cikin ruwa, kamar yadda gas ke ficewa daga lemon kwalba in ka buɗe ka girgiza, sai su bar ruwan su shige cikin kumfar. In an iso sama sai a rabu, iskar mai ɗauke da guba injin ya zuƙe ta ya bi da ita ta cikin duro mai cike da gawayin tacewa wanda ke riƙe gubar, shi kuma ruwan ya fita ta ragar sama ya koma cikin ƙasa ba tare da ya taɓa ganin hasken rana ba. Da ya fita sai ya bazu gefe, ya gangara a hankali, ragar ƙasa ta sake jawo shi, ya sake zagayowa. Sai ya zama kamar wani zobe na ruwa yana juyawa a kewayen rijiyar dare da rana, kowane zagaye ana rage masa wani abu.

Jamusawa ne suka fara fito da wannan a ƙarshen shekarun 1980, nasu sunansa UVB, shi da injin zuƙar iska yake aiki, kuma masana a jami'ar Karlsruhe sun yi aiki sosai wajen lissafa yadda zoben ruwan ke juyawa. A farkon shekarun 1990 kuma a jami'ar Stanford, Steven Gorelick da Haim Gvirtzman suka fito da tsarin ɗaga ruwa da kumfar iska wanda daga baya aka sa wa suna NoVOCs. An gwada su a sansanonin sojan sama na Amurka a Kalifoniya, irin su March da Edwards, wuraren da aka shekara da shekaru ana wanke injinan jirage da waɗannan sinadarai.

Abinda ya sa nake son wannan tsarin ba wai don ba ya cin wuta da yawa ko don ba ya cin fili bane kawai, duk da cewa wannan ma gaskiya ne, a sama abinda zaka gani ɗan ɗaki ne da injin da duro biyu. Abinda ya fi burge ni shine juyawar nan ta sama da ƙasa. Famfon zuƙowa na yau da kullum a kwance yake jan ruwa, kuma ruwa malalaci ne, hanya mafi sauƙi yake bi, sai ya yi ta zuwa ta cikin tsakuwa da yashi mai gwari ya bar wuraren da ƙasar ta matse, alhali a can gubar ta maƙale. Ita wannan tana tilasta masa ya ratsa shimfiɗun ƙasar daga sama zuwa ƙasa, ya shiga inda da ba zai shiga ba.

Amma fa a nan ɗin ma matsalarta take. Ƙasa shimfiɗa shimfiɗa take, kuma kusan kullum ruwa ya fi saurin tafiya a kwance a kan a tsaye. In bambancin kaɗan ne, kamar ninki 3 zuwa 10, zoben yakan yi faɗi ya yi kyau. In babu bambanci sosai sai ruwan ya fito ta sama ya gangaro nan jikin rijiyar ya koma ciki, kana ta wanke ruwa ɗaya kana jin daɗin sakamako alhali mita kaɗan daga wajen ba abinda ya motsa. In kuma akwai shimfiɗar yumɓu a tsakanin ragogin biyu, ko da kaurinta bai fi tafin hannu ba, to zoben ba zai taɓa rufewa ba, ruwan da ka fitar a sama sai ya kwanta a kan yumɓun ya yi gaba abinsa, wani lokacin ma ya tura jelar gubar inda da bata kai ba. Na taɓa tsayawa a gefen mai haƙa yana fito da ƙasar a cikin dogon bututu, muna tsaga ta muna dubawa, yashi yashi yashi, sai ga wani siririn layi mai toka-toka mai santsi. Ogana ya ɗebo kaɗan ya murza tsakanin yatsunsa ya miƙo min yace murza kaji. Na murza, ya yi laushi yana naɗewa kamar zare. Yace to wannan ɗan abin da kake gani shi zai faɗa mana inda zamu sa raga, ba takardar da muka zo da ita daga ofis ba. A ranar aka canja zanen rijiyar gaba ɗaya. Da a ce an yi haƙan gaggawa irin wanda ake wanke ƙasar da ruwa tana fitowa a dame, ba wanda zai ga layin nan.

Sai kuma tsatsa, wadda ita ce ciwon kan kullum. Ruwan da ke can ƙasa sau da yawa ba shi da oksijin, kuma yana ɗauke da ƙarfe a narke wanda ido baya gani. Kai kuma ka zo ka cika shi da iska. Nan take ƙarfen ya koma tsatsa, ja-ja mai yauƙi, wasu bakteriya masu son ƙarfe su ma su zo su kafa gida, sai ragar sama ta fara toshewa. Haka kuma iskar tana fitar da gas ɗin kabon daga ruwan, wanda ke sa farar ƙasa ta daskare a jikin bututu kamar yadda take yi a gindin butar dafa ruwa. Alamar farko ita ce ruwan cikin rijiyar ya fara hawa sama fiye da yadda aka saba domin ya rasa hanyar fita. Ranar da muka fara ciro bututun ciki bayan wasu watanni, abinda ya fito ban gane shi ba, ya yi kauri ya koma launin ruwan lemo, in ka sa yatsa sai ya nutse. Yini guda muka yi muna kankarewa da buroshi muna wanke ragar da asid mai sauƙi. Wasu don gudun haka sukan rufe zagayen iskar, wato iskar da ta fito daga gawayi ita ake sake mayarwa ƙasa, a hankali oksijin ɗinta ya ƙare, wasu kuma su ƙara mata gas ɗin kabon kaɗan. Duk wanda zai kawo maka wannan fasahar bai yi maka maganar wankin rijiya ba, bai gaya maka rabin labarin ba, kuma ni wannan yana ɓata min rai domin daga baya in ta toshe sai ace fasahar ce bata aiki.

Ba kumfar iska kaɗai ake aikawa ta rijiya ba. Akwai masu tura iskar kai tsaye cikin yashin ƙarƙashin ruwan ta ɓulɓulo ta cikin ƙasa, sannan wasu gajerun rijiyoyi a sama su zuƙe tururin. Akwai kuma masu zuba sinadarin da ke ƙona gubar a inda take, kamar famanganet, ko fasalfet, ko haidurojin feroksaid da aka haɗa da ƙarfe. Famanganet launin shuni ne mai ƙarfi sosai, kuma wannan launin taimako ne, domin in ka zuba a wannan rijiyar bayan kwanaki ka ga ruwan waccan ya fara yin shuni to kasan maganin ya isa can. Yana da sauri, cikin makonni zaka ga lambobi sun faɗi. Sai dai shi ba ya tantancewa, duk abinda ya tarar mai ƙonuwa a cikin ƙasar ci yake yi, sau da yawa mafi yawansa a nan yake ƙarewa kafin ya taɓa gubar, kuma yana barin wani baƙin gari da shi ma yake toshe ƙofofin yashi. In aka matsa masa lamba da yawa wajen turawa kuma sai ya fasa ƙasa ya ɓullo sama, na taɓa ganin ciyawa ta koma shuni a wajen da ba wanda ya zata, dole aka kashe famfo aka rage ƙarfi.

Wanda ya fi taɓa min zuciya dai shine na bakteriya. Tun 1972 a garin Ambler na jihar Pennsylvania, bayan bututun fetur ya fashe, Richard Raymond ya nuna cewa in ka aika iska da abinci mai gina jikin bakteriya ta rijiya, waɗanda ke cikin ƙasar da kansu zasu cinye fetur ɗin. Wannan na fetur kenan, masu son oksijin. Masu cin su PCE da TCE akasin haka suke so, sai an kori oksijin ɗin tukuna. Sai a zuba musu abu kamar laktet ko ruwan rake mai kauri ko man waken soya da aka dama da ruwa, bakteriyan wajen su ci su shanye oksijin su fitar da haidurojin, sannan wasu daban su fara cire wa gubar kulorin ɗaya bayan ɗaya. PCE na da 4, in aka cire ɗaya ya zama TCE mai 3, sai DCE mai 2, sai binil kulorayid mai 1, sai a ƙarshe etin wanda ba shi da ko ɗaya kuma ba ya cutarwa. Haɗarin yana tsakiyar hanya. Bakteriya da yawa sun iya matakan farko amma sai su tsaya, kuma binil kulorayid ya fi iyayensa sharri, sananne ne wajen jawo kansar hanta, iyakarsa a ruwan sha a Amurka mikrogiram 2 ce. Wato in aikin ya tsaya a nan an kashe maciji ba a sare kansa ba. A 1997 masu bincike a jami'ar Cornell suka ware wata ƙwaya mai suna Dehalococcoides wadda ke iya kai tafiyar har ƙarshe, kuma yanzu ana gwada ruwan a ga ko tana nan, in babu a kawo ta a cikin tulun ƙarfe a rufe ruf a zuba ta rijiya, domin oksijin kashe ta yake yi. Kun ga kenan ba zai yiwu ka kunna rijiyar kumfa a gefen inda ka zuba waɗannan ba, ɗaya zai rushe aikin ɗaya, dole a tsara wanne ne a ina kuma wanne zai riga wanne.

Akwai wani aiki da Perry McCarty da abokan aikinsa suka yi a sansanin Edwards a shekarun 1990 wanda ya haɗa dabarun biyu, kuma duk lokacin da na tuna shi sai naji daɗi. Rijiyoyi biyu suka haƙa tazarar mita 10, kowace da raga biyu, ɗaya tana tura ruwa sama ɗaya tana tura shi ƙasa, sai ruwan ya riƙa kai da komowa a tsakaninsu. A cikin rijiyar suna ɗiga toluwin kaɗan, wani sinadari da ake samu a cikin fetur, da oksijin, bakteriyan da ke cin toluwin ɗin sai sinadarin da suke narkar da shi ya haɗa da TCE ya farfasa ba tare da sun nufa ba. Sun cire wajen kashi 97 cikin 100 na TCE daga ruwan da ya ratsa wajen. Rijiyar a nan ta zama kamar ludayin gauraya magani, wanda shine abu mafi wuya a duk wannan sana'ar, domin sanin maganin ba wuya, haɗa shi da gubar a cikin duhun ƙasa shine aikin.

Ƙarafa masu guba kuwa ba a farfasa su, sai dai a canja musu hali. Kuromiyam mai lamba 6 yana narkewa yana tafiya da ruwa, in aka zuba abin da zai kori oksijin sai ya koma mai lamba 3 wanda ke daskarewa ya zauna a jikin ƙasa. A garin Hinkley na Kalifoniya da etanol ake yin hakan ta rijiyoyi. Sai dai wannan yanayin na rashin oksijin yana iya sako manganis da asanik da da can suke maƙale a ƙasar, don haka su ma sai an sa musu ido. Gishiri da naitiret kumfa bata ɗaukarsu. Su PFAS da ake ta magana yanzu, wasu sinadarai masu wuyar lalacewa, su ma ba sa tashi cikin iska kuma waɗannan bakteriyan ba sa cinye su, abinda ake yi a ƙasa shine a tura garin gawayi mai laushi sosai ta rijiya ya riƙe su kada su yi gaba.

Yanzu bari in dawo kan filinmu, domin abinda ya sa na zauna rubuta wannan kenan. Bayan an daɗe ana aiki lambobin sun sauka sosai, har rijiyoyin sa ido na kusa suka fara nuna abinda ke ƙasa da iyaka. Masu biyan kuɗin aikin suka ce to alhamdulillahi a kashe injin a rubuta rahoto. Ban ga laifinsu ba, shekaru suna biya. Ogana yace a kashe ɗin, amma kada a cire komai, a bar rijiyoyin a dawo a auna bayan wata uku, sannan bayan wata shida. Aka yi ta ja-in-ja kafin a yarda. Ranar da na je ɗibar samfur na farko bayan kashewar, filin shiru, na kara kunne a murfin ba gurgur, na cika 'yan kwalabena kamar kullum. Da sakamakon ya zo biyu daga cikin rijiyoyin sun sake hawa. Ba su koma inda suke da farko ba, amma sun haye iyaka. Ashe da sauran rina a kaba.

Abinda ya faru sananne ne ga duk wanda ke wannan aikin. Shekarun da gubar ta yi kwance a kan yumɓu ta riƙa tsotsuwa cikinsa a hankali. Mun wanke yashin tas, to yanzu da yashin ya fi yumɓun tsafta sai yumɓun ya fara mayar da abinda ya sha, shi ma a hankali. Lokacin da injin ke aiki yana kwashewa tun kafin ya taru shi yasa bamu gani ba. Na yi kwanaki abin yana damuna, ba don aikin ya ƙi ƙarewa ba, a'a, tunanin da nake yi shine da an bi maganar farko an cire kaya an tafi da takarda mai cewa ruwa ya gyaru, wata rana wani zai zo ya gina gida a ƙasan wannan jelar ya haƙa rijiyarsa, ruwan ya fito garau, ya ba 'ya'yansa. Ba zai ji wari ba, ba zai ga launi ba, kuma yana da takarda.

Shi yasa in ana gardamar wace fasaha ta fi, ni hankalina yakan tafi kan rijiyoyin sa ido ne, waɗannan siraran da ba injin a kansu ba wanda ke ɗaukarsu hoto. A ina aka sa su, a wane zurfi, guda nawa ne, akwai wadda ke gaban jelar, kuma wa zai ci gaba da zuwa yana aunawa bayan an kashe wuta. Rijiyar maganin kanta kullum zata nuna maka ruwa mai kyau tunda a bakinta ake wankewa, in a nan kaɗai aka auna an yaudari kai. Kuma kuɗin da ake jin ƙyashin kashewa a farko wajen haƙa a fito da ƙasa a duba ta taki taki, a auna ruwa a zurfi daban daban, a nemo ainihin inda gubar ta kwanta, shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a duk aikin, na ga inda aka tsallake shi aka kafa rijiya mai tsada a gefen matsalar.

A filin namu abinda aka yi shine aka sake kunna rijiyar amma ba dare da rana ba, a kunna wasu makonni a kashe wasu makonni don a ba yumɓun lokaci ya fito da abinda ke cikinsa sannan a kwashe. Can kusa da inda tsohon tankin sinadarin masana'antar yake, nesa da inda kumfa ke kaiwa, aka haƙa wasu ƙananan rijiyoyi aka zuba man waken soya da bakteriya, shi man yana daɗewa a ƙasa yana narkewa kaɗan kaɗan, daidai da tafiyar yumɓun. Watannin farko DCE ya hau, binil kulorayid ya biyo baya, kowa ya yi tsit muna jira. A zagayen aunawa na baya-bayan nan ne na buɗe takardar sakamakon na gangara da yatsa zuwa layin ƙarshe, inda tun da muka fara kullum ba a samun komai, sai ga etin ya bayyana a rijiyoyi biyu. Na kira ogana na karanta masa, ya yi shiru kaɗan sannan yace madalla, ka shirya kwalabe, wata uku masu zuwa zamu koma.